Canza Farantan Kulocin Babur a Gida

Kuloci shi ne ke haɗa ƙarfin inji da giya, shi ne kuma ke raba su idan an matse hannunsa. A yawancin baburan da ke kan titunanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da masu inji samfurin Honda CG125, yana zaune ne a gefen dama na inji, cikin baƙin mai. Farantai ne iri biyu aka jera, ɗaya bayan ɗaya: masu ɓawo mai kaushi, huɗu ko biyar, da na ƙarfe zalla a tsakaninsu. Sifirin ne ke matse su wuri guda. Ɓawon nan yana cinyewa a hankali, kuma lodin buhuna, da goyon mutum biyu ko uku, da riƙe rabin kuloci cikin cunkoso duk suna rage masa kwana.

Alamar cinyewarsa a fili take. Ka murɗa totur inji ya yi ta kuka amma babur bai ƙara gudu ba, musamman a hawan tudu ko a giyar sama. Sai dai kafin a kwance ko noti ɗaya, a duba wayar kuloci. Ya kamata hannun ya yi wasa na milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara ja. Idan wayar ta yi tsauri, kuloci mai lafiya ma sai ya riƙa sulɓewa. A duba mai kuma. Wasu mayukan mota suna ɗauke da sinadarin ƙara santsi da ba ya shiri da irin wannan kuloci, shi ya sa ake neman mai alamar JASO MA a jikin galan.

Idan ta tabbata farantan ne, sai a tanadi sababbi, da sifirin, da gasket, da mai kimanin lita ɗaya, da sifanu, da tsumma mai tsabta. A jiƙa sababbin farantan cikin mai na awa biyu ko uku, ko ma su kwana; busasshen faranti yana iya ƙonewa tun a fitar farko. A wanke jikin injin, a yi aikin a kan siminti ko shimfiɗa, nesa da rairayi, domin ƙasa kaɗan ta isa ta yi wa inji illa.

A tsiyaye tsohon mai, a cire sandar kiki da wayar kuloci, da salansa idan ta tare hanya. Kusoshin murfin kuloci ba tsawonsu ɗaya ba, don haka a zana siffar murfin a jikin kwali, a huda, a riƙa soke kowace a gurbinta. Idan murfin ya ƙi fita, a ɗan bubbuga shi da katako. Kada a cusa sukundireba a tsakani, domin alminiyon ne, da ya samu tabo sai yoyo. Kusoshin sifirin kuwa a sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, har ƙarfinsu ya sauka tare.

A nan ne maganar kayan aiki na musamman ke shigowa. A wasu baburan, da an ɗage farantin sama sauran za su zaro. A wasu kuwa dole a kwance babban notin tsakiya, ko notin matatar mai da ke kusa da shi, kuma da ka ɗora sifana sai komai ya juya tare. Bakanike yana da abin riƙewa. Mai aiki a gida yana da dabara biyu. Ta farko, a sa babur a giyar sama, wani ya taka birkin baya da ƙarfi. Ta biyu, a naɗe tsumma mai kauri a cusa tsakanin haƙoran giyoyi biyu da ke haɗuwa a wurin, sai su cije. Ƙarfe mai tauri bai dace da wurin ba, yana karya haƙori. Idan notin mai tsaga huɗu ne, a samu tsohon soket daidai girmansa, a goge bakinsa da zarto har ya fitar da haƙora huɗu. Wannan ya fi dukan notin da kurfi da guduma, abin da kan lalata shi ya kuma girgiza boris.

Yayin zaro farantan, a jera su a ƙasa yadda suka fito, a ɗauki hoto da waya. A ɗora kowane farantin ƙarfe a kan gilashi: wanda ya yi rawa ya lanƙwashe, wanda ya koma shuɗi ya sha zafi, duka biyun a canza su. A gwada tsohon sifirin da sabo; idan ya gajarce, ƙarfinsa ya tafi. A shafa yatsa a haƙarƙarin kwandon kuloci, inda kunnuwan farantai ke zama. Idan sun yi tsaga-tsaga marasa zurfi, a goge su da zarto a hankali. Idan sun yi zurfi, sai sabon kwando.

Mayarwa ita ce kwancewa a juye: mai ɓawo, na ƙarfe, mai ɓawo, har a ƙare da mai ɓawo. Kusoshin sifirin ƙanana ne, a ɗaure su bi da bi da ƙaramin sifana, a tsaya da zarar sun zauna, domin ƙarin ƙarfi tsinke su yake yi. A kankare tsohon gasket tas, a sa sabo, a guji lafta gam, kada ya toshe hanyar mai. A zuba mai daidai ma'auni, a daidaita wasan waya.

A tayar da inji ya yi ɗumi, a matse kuloci sau da yawa, sannan a sa giya ta ɗaya ana riƙe da birki. Idan babur na neman tafiya alhali an matse hannu, wayar ta yi sako-sako ko an yi kuskuren jeri. A kwanakin farko a guji lodi da fizga, a leƙa ƙarƙashin murfi ko akwai ɗigo, kuma bayan mako guda a sake daidaita wayar, domin sababbin farantai sukan ɗan kwanta.