Wata Biyu a Daren Agusta da Sauran Maganganun Damina

Duk shekara da watan Agusta ya kama, sai wani saƙo ya fara zagaye a WhatsApp da Facebook. Wai ranar 27 ga wata duniyar Mas za ta matso har ta yi girman wata, a ga wata biyu a sama, kuma wai babu wani mai rai da zai sake ganin haka. Ƙarya ce, amma tana da asali. Ranar 27 ga Agustan 2003, Mas ta kusanci duniyarmu fiye da yadda ta yi cikin kusan shekara 60,000, tazarar ta sauko wajen kilomita miliyan 56. A lokacin an rubuta cewa wanda ya duba ta na'urar hangen nesa mai ƙara girman abu sau 75 zai ga Mas ta kai girman wata. Garin yaɗa saƙon sai batun na'urar ya zube a hanya, shekarar ma aka goge ta. Tsakaninmu da wata kilomita 384,000 ne, kuma ko a wancan daren Mas ta ninka shi nisa fiye da sau 140. Abin da ido ya gani ɗigo ne ja mai haske, shi ke nan.

Abin takaicin shi ne, a cikin watan nan akwai abin kallo na gaske da ba a cika turo labarinsa ba. Wajen 12 da 13 ga Agusta, idan hadari ya yi sauƙi, mai zama a tsakar gida bayan tsakar dare zai ga haske yana tsartuwa a sama bi da bi, ta wajen arewa maso gabas. Mukan ce tauraro ya faɗo, wasu ma har su ce alama ce ta rasuwar wani babba. Babu tauraron da ke faɗowa. Taurari irin ranarmu ne, da yawa sun ma fi ta girma, nisa ne ya mai da su ƙanana. Wannan hasken ɓurɓushi ne da wani tauraro mai wutsiya, Swift-Tuttle, ya bari a kan hanyarsa. Wasu Amurkawa biyu ne suka gano shi a 1862, yakan zagaya rana sau ɗaya a shekara 133, zuwansa na baya-bayan nan a 1992 ne. Duk Agusta duniyarmu takan ratsa ta cikin ƙurar tasa. Yawancin ɓurɓushin bai wuce ƙwayar yashi ba, amma yana shigowa da gudun kusan kilomita 59 a daƙiƙa guda, sai ya ƙone can sama, kilomita 80 zuwa 100 daga ƙasa. Abin da aka san ranar zuwansa tun kafin shekara ta kama ba zai zama sanarwar mutuwar kowa ba.

Ba duk abin da muka gada ba ne camfi. Manomin da ya ce shamuwa ta iso, a gyara gona, gaskiya ya faɗa: daga kudancin Afirka take tasowa, ta biyo ruwa, ta yi sheƙa a garuruwanmu, ta cinye fara da tsutsa. Haka gawo. Duk itace na kore da damina, shi kuwa sai ya kaɗe ganyensa, ya sake fitar da shi da rani. Shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoman Damagaram da Maraɗi da ke barin gawo a gona sun san wannan tun kafin masana su auna.

Wadda aka fi zalunta ita ce mujiya. An ce tsuntsuwar mayu ce, idan ta yi kuka a kan gida to gawa za ta fita. Da yara sun gan ta da rana sai jifa, babba ma ba ya hanawa. Kukan nata kiran aure ne ko kare wurin zama, kamar na kowane tsuntsu. Manyan idanun nan don gani cikin duhu ne, kuma da yake ba sa juyawa a cikin gurbinsu, dole ta juya wuya, har digiri 270. Wannan ne ke ba mutane tsoro, alhali halitta ce kawai.

Abin da ke kawo ta kusa da gida ɓera ne. Farar mujiyar da ke kwana a tsofaffin gine-gine takan ci ɓera fiye da ɗaya a dare, idan tana da 'ya'ya kuma farautar ta ninka. Cikin abincinta har da irin ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da ke kashe mutane a Najeriya kowace shekara, wanda kuma shi ne ke ɓarna a rumbu. Gidan da aka kashe mujiyarsa saboda tsoron mutuwa ya buɗe wa ɓera ƙofar rumbu da ta ɗakin girki.