Shin Ko Kun San? Farfesa Vicki Ruiz, Malamar da Ta Shigar da Matan Masana'anta Cikin Tarihi

Shin ko kun san cewa ƙidayar da aka yi a Amurka a 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 62 ne 'yan Latino, wato waɗanda asalinsu ya fito daga ƙasashe irin su Meziko da Kuba da Fwato Riko da Gwatamala? Duk da wannan yawa, an daɗe ana koyar da tarihin ƙasar kamar babu su a ciki, matansu kuwa ba a ma zancensu. Farfesa Vicki Ruiz na cikin waɗanda suka ɗaura ɗamarar gyara wannan.

Shin ko kun san cewa an haife ta a 1955 a birnin Atlanta, ta taso a jihar Florida, ta yi digirin farko a can a 1977, sannan ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Stanford a 1982 a hannun Farfesa Albert Camarillo?

Shin ko kun san cewa hira da wata dattijuwa ce ta buɗe mata hanya? Tana ɗaliba ta tafi birnin Gwadalahara na Meziko wurin Luisa Moreno, 'yar asalin Gwatamala, fitacciyar jagorar ƙwadago da ta bar Amurka a 1950 bayan hukuma ta sa ta gaba da barazanar kora. Daga bakin wannan baiwar Allah Ruiz ta ji labaran da babu su a kundin kowace hukuma.

Shin ko kun san cewa littafinta na farko, Cannery Women, Cannery Lives, wanda ya fito a 1987, a kan matan Meziko masu aikin cusa 'ya'yan itace a gwangwani ne a Kalifoniya? Aiki ne na tsayuwa yini guda, wuƙa a hannu, ana ɓare 'ya'yan itace ana yankawa, kuɗin kuma gwargwadon abin da mace ta gama. A 1939 ma'aikatan wani kamfani a Los Anjelas suka shiga yajin aiki ana tsakiyar kaka. Da masu kamfanin suka yi kunnen uwar shegu, sai 'ya'yan ma'aikatan suka je ƙofar gidajen masu kamfanin ɗauke da kwalaye. Ba a daɗe ba aka zauna teburin sulhu, aka amince da ƙungiyar ma'aikatan.

Shin ko kun san cewa a 1998 ta wallafa From Out of the Shadows, tarihin matan Meziko a Amurka na ƙarni na 20? A 2006 kuma ita da Farfesa Virginia Sánchez Korrol suka fitar da kundi mai juzu'i uku a kan matan Latino.

Shin ko kun san cewa ta fara koyarwa a Jami'ar Texas da ke El Paso, a bakin iyakar Meziko, ta ratsa wasu jami'o'i, sannan a 2001 ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, inda ta riƙe shugabancin tsangayar nazarin al'adu da adabi?

Shin ko kun san cewa a 2015 ta shugabanci ƙungiyar masana tarihi ta Amurka, wadda aka kafa tun 1884, kuma ita ce macen Latino ta farko da ta hau wannan kujera? A shekarar ne kuma Shugaba Barack Obama ya rataya mata lambar yabo ta ƙasa a Fadar White House.

Aikinta ya tabbatar da cewa shaidar mai wanki da mai aikin masana'anta hujja ce ta ilimi, matuƙar an saurara da kyau, an auna, an rubuta. Duk ɗalibin da ke da tsohuwa a gida yana da inda zai fara bincike yau.