Shirin Musamman: Dagwalon Birane da Ruwan Shan Bagudo

(Taken shiri)

 Yau mun yada zango a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ke shigowa Najeriya ta wajen Lolo, bayan ya raba Gaya ta Nijar da Malanbil ta Jamhuriyar Benin.

Ruwan da Basarke ke jefa birgi a cikinsa a nan ya sha tafiya. Ya ratsa Bamako, inda masu rinin shadda ke zubar da ruwan rini. Ya ratsa Yamai, inda kwazazzabon Gunti Yena ke kwaso ruwan kwatocin gari ya juye masa. Daga arewa kuma Gulbin Sakkwato ya wuce Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, ya zo ya faɗa Kwara ba nisa da garin Bagudo. Dagwalon da waɗannan birane ba su tace ba, nan yake gangarowa.

Wani zai ce ai kogi ba ya riƙe dauɗa. Da gaskiyarsa, amma zuwa wani haddi. Ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazanta suna zuƙe iskar da kifi ke shaƙa, don haka idan ƙazantar ta yi yawa sai ka ga karfasa sun taso ciki sama. Abin da ya rage ya zama taki ga kainuwa, ta toshe hanyar kwale-kwale, ta cukurkuɗe koma. Lamarin ya fi muni da bazara, lokacin da ruwa ya ja baya amma kwata ba ta daina zuba ba. A 1985 saura ƙiris kogin ya tsaya cak a Yamai. Ga kuma amai da gudawa: a 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa sama da mutum 3,600 da kwalara ta kashe a Najeriya.

(Kiɗa)

To, yaya ake tace ruwan gari? Abuja na da matatar Wupa, mai aiki da injuna da lantarki. Amma Wagadugu ta bi hanya mai sauƙi a Kosodo: jerin tafkuna. Na farko mai zurfi ne, nan laka ke kwantawa. Na biyu faffaɗa ne marar zurfi, gansakuka na sakin iska, ƙwayoyin halitta na cinye sauran dauɗa. A na ƙarshe, zafin rana ne ke kashe ƙwayoyin cuta. Bayan 'yan makonni ruwan ya isa ban ruwa. Fili ake buƙata da rana da mai kula, ba man dizal ba.

Sai dai a garuruwanmu yawancin gidaje masai ne, babu bututun da ya haɗa su. Saboda haka tambayar farko ita ce: motar yashe masai, idan ta cika tanki, ina take juyewa? In babu wurin da aka ware mata, sai ta nufi kwari ko bayan gari, ruwan farko na damina ya kai wa kogi.

Akwai Hukumar Raya Kogin Neja, wato Kwara, mai ƙasashe 9, wadda aka kafa a 1980 da hedikwata a Yamai, kuma a 2008 shugabanni suka sa hannu kan yarjejeniyar ruwa. Mutanen Bagudo na da haƙƙin neman a aiwatar da ita. Amma su ma suna saman wasu, domin abin da aka zuba a Lolo, Yawuri da tafkin Kainji zai nufa.

Don haka malam, hajiya, idan kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo gari, a tambaye shi filin da aka ware wa motocin masai, da wanda aka ɗora wa kula da shi.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.