Biyar da shida: yadda ake auna bambancin mace-mace tsakanin rukuni biyu na majinyata

A shekarar 1996, lokacin da sanƙarau ya halaka sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. An raba yaran gida biyu, kusan 100 a kowane ɓangare. Biyar sun rasu cikin waɗanda aka bai wa Trovan, shida kuma cikin waɗanda aka yi wa allurar ceftriaxone. Shin biyar da shida na nufin magungunan daidai suke? Amsar tana ga irin ma'aunin ƙididdigar da aka zaɓa.

Idan rukunan biyu mutane ne daban, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne rayuwa ko mutuwa, ma'aunin da aka fi sani shi ne gwajin kai-sikwaya, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900. Yana kwatanta abin da aka gani da abin da ake tsammani da a ce magungunan ƙarfinsu ɗaya. A Kano an samu mutuwa 11, don haka ana tsammanin 5.5 a kowane ɓangare.

Masana sun daɗe da ƙa'idar cewa idan adadin da ake tsammani ya gaza 5, gwajin Pearson yana iya ɓatar da mai bincike, sai a koma ga gwajin Ronald Fisher, wanda ke lissafa yiwuwar kai tsaye. Adadin Kano yana bakin wannan iyaka. Idan aka ɗauki 100 a kowane ɓangare, gwajin Pearson zai ba da ƙimar p kusan 0.76, na Fisher kuma 1. Duka biyun sun haura 0.05 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, wato ba a gano bambanci ba.

Sai dai rashin gano bambanci bai tabbatar da daidaito ba. Da waɗannan alƙaluma, tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100 ta nuna Trovan na iya rage mutuwa da yara 7 cikin kowane 100, ko ya ƙara ta da 5. Yara 200 sun yi kaɗan a yanke hukunci. Haka kuma babu gwajin da ke warware zargin da iyaye suka yi cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, ko zargin rage yawan allurar da aka kwatanta da ita. A 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba.

Akwai wani sharaɗi da ya shafi karkarar Dambatta, Makoɗa da Bichi, inda gidaje da gonaki suke manne da juna. Gwaje-gwajen biyu suna ɗauka cewa kowane majinyaci zaman kansa yake. Amma yara huɗu 'yan gida ɗaya, masu kwana a ɗaki ɗaya da shan ruwan rijiya ɗaya, makomarsu a haɗe take. Ƙirga su kamar baƙin juna yana sa sakamako ya yi kama da tabbatacce fiye da yadda yake, sai an yi amfani da lissafin da ke la'akari da gida ko ƙauye. Idan kuwa mutanen farko ne aka sake aunawa bayan magani, gwajin McNemar na 1947 ne ya dace.

Saboda haka, duk lokacin da wata hukuma ta ce wani shiri ya rage mace-mace a wata ƙaramar hukuma fiye da maƙwabciyarta, tambayoyin da za a yi mata su ne: mutum nawa ne a kowane rukuni, yaya aka zaɓe su, daga gida nawa suka fito, kuma wane gwaji aka yi?