Yaran da ba su shiga lissafi ba

Wasu iyaye a Kpébié sun tambaye mu: tunda rahotannin hukuma ba su nuna cewa ana cutar da yara da yawa a unguwar ba, me ya sa muke ta maimaita zancen? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin yadda ake tattara alƙaluman.

A Benin, yawancin lissafin hukuma yana fitowa ne daga abin da aka kai ofis: cibiyoyin jin daɗin jama'a, 'yan sanda, asibiti, da kiran lambar 138 ta taimakon yara. Abin da aka rubuta shi ake ƙirgawa. Yarinyar da aka ba wa dangi riƙo, wadda a kudu ake kira vidomegon, tana yini da talla a kasuwar Arzeke ta Paraku ba makaranta, ba ta cikin littafin kowa sai ranar da wani ya yi magana. Haka ma yaron da aka bari da yunwa ko da ciwo ba magani. Sakaci ba ya barin tabo kamar bulala, shi ya sa ya fi wuyar shiga takarda.

Akwai hanya ta biyu: binciken gida-gida. A binciken MICS na 2014, wajen tara cikin goma na yara masu shekara 1 zuwa 14 a Benin sun sha duka ko tsawa da zagi a watan da ya gabaci tambayar. Ku kwatanta wannan da ƙarar da ke isa ofis. Amma shi ma binciken yana da giɓi: babba ake tambaya, wani lokaci shi ne mai dukan, kuma gidaje ake bi. Almajiri mai kwana a tasha, ko iyalin da suka iso Jugu bayan an gama zagaye, sai a tsallake su.

Iyalai masu gudun hijira sun fi kowa ɓacewa a lissafi. Wasu yaran ba su da takardar haihuwa, wasu iyayen ba sa jin Faransanci, wasu suna tsoron kada ƙara ta jawo musu matsala a ƙasar da suke baƙi. Ga kunya, musamman idan mai laifin ɗan gida ne. Mun fahimci wannan. Sai dai inda lissafi ya yi ƙasa, can ne ake rage ma'aikata da kuɗi. Saboda haka idan adadin ya ƙaru a bana, yana iya zama mutane ne suka fara magana.

Dokar yara ta 8 ga Disamba 2015 ta hana dukan yaro a gida da makaranta, tana kuma kare duk wanda bai kai shekara 18 ba. Kiran 138 kyauta ne. Wanda ba shi da waya ya samu ma'aikatanmu na kare yara. Za mu saurare shi a keɓe, da tafinta idan da buƙata.