Birkin Tirela: A Duba Shi Tun Daga Ijora

Duk wanda ya bi ta Ijora a birnin Ikko zai tarar da tireloli da tankoki jere, suna jiran layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can, wadda aka buɗe a 1977. Da yawa daga cikin direbobin nan da yaransu 'yan Arewa ne, kuma gabansu akwai tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Kano, ta Ibadan da Ilori da Jebba. Abin tambaya shi ne, nawa daga cikinsu ke duba birkin bodin da suke ja kafin su ɗau hanya?

Birkin tirela da iska yake aiki. Kwamfureso a kan mota yakan tara iska cikin tanki, sa'an nan tiyo biyu su kai ta baya: ɗaya na cika tankin bodi, ɗaya na kai saƙo in direba ya taka birki. Iskar ce ke tura sanda, ta buɗe takalman birki su matse dirom. In wannan hanya ta lalace, birkin kai kaɗai ba zai iya tsai da kaya masu nauyin tan 30 a gangara ba.

Binciken ba shi da wuya. A sa waigi, a tara iska, a kashe inji, a taka birki a riƙe, a lura da allurar ma'auni. In tana sauka, akwai yoyo. A shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo, kumfa zai nuna wurin. A riƙa tsiyaye ruwan tankin iska kullum. Bayan ɗan tafiya a kusantar da hannu ga kowane dirom: wanda ya yi zafi ƙwarai birkinsa na kamewa, wanda ke da sanyi ba ya aiki ko kaɗan.

In lainin ya cinye ko maiko ya jiƙa shi, sai canji. A canja gefe biyu na gatari tare, don kada mota ta riƙa fizga gefe guda. Dirom mai tsagewa a jefar. Mafi muni duka shi ne ɗabi'ar toshe tiyon ƙafar da ta lalace, wai sai an isa gida a gyara.

Ranar 28 ga Yuni, 2018, wata tankar man fetur ta kama da wuta a gadar Otedola, kan hanyar Ikko zuwa Ibadan. Aƙalla mutum 9 suka rasu, motoci fiye da 50 suka ƙone, hukumomi kuwa suka ɗora laifin a kan tsinkewar birki.

Kuɗin lainin kaɗan ne in an gwada da ran mutum. Kwanakin da ake ɓatawa a layin Ijora sun isa a kira bakanike. Alhakin yana wuyan mai mota da direba baki ɗaya. Allah Ya kiyaye hanya.