Ziyarar Gwandu: Shin katin shiga wuraren tarihi zai yi wa baƙo amfani?

Duk wanda ya taɓa shirin tafiya Istanbul ko Paris, da wuya a ce bai ci karo da tallar katin ziyarar wuraren tarihi a wayarsa ba. Kati ne guda da ake biyan kuɗinsa sau ɗaya, a riƙa shiga gidajen tarihi da shi ba tare da yankar tikiti a kowace ƙofa ba.

Na Paris yana buɗe wa mai shi wurare fiye da 50, ciki har da Louvre da fadar Versailles, kuma ana sayar da na kwana 2 ko 4 ko 6. Na Istanbul na kwana 5 ne.

Shin irin wannan kati zai yi wa mai ziyarar Gwandu da kewayenta a Jihar Kebbi rana?

Yadda ake lissafin

Katin yana biyan kuɗinsa ne idan abu uku suka haɗu: wuraren da ake biya kafin a shiga suna da yawa, suna kusa da juna, kuma baƙo yana da lokacin zagaya su. Agogon katin yana fara tafiya ne daga ƙofar farko da aka shiga, ko an fita yawo ko an kwanta a masauki.

Shi ya sa ɗan kasuwar da ya je Istanbul saro kaya, ya samu yini ɗaya kacal na hutu, yakan yi asara idan ya saya. Masallacin Sultan Ahmed da yake marmarin gani ma kyauta ake shiga. A Paris kuma hasumiyar Eiffel ba ta cikin katin. Dabarar ita ce mutum ya rubuta wuraren da ya tabbata zai je, ya tara kuɗin tikitinsu, sannan ya gwada da farashin katin.

Abin da ke Gwandu

A Gwandu lissafin daban ne, domin abin da ke jawo mutane ba bayan kantar tikiti yake ba. Hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu kuma mawallafin Diya'ul Hukkam da Tazyinul Waraƙat, wurin ziyara ne da addu'a. Baƙo yakan cire takalmi ya shiga da ladabi, ya ba masu kula da wurin abin da ya sawwaƙa.

Garin kansa tarihi ne. A nan jama'ar Shehu suka kafa sansani a 1805, a nan kuma suka tsaya suka kare kansu bayan mummunar asarar da suka yi a yaƙin Alwasa a shekarar. Da aka raba tafiyar da daula a 1812, yankin yamma ya faɗo hannun Abdullahi, daga baya Gwandu ta zama cibiyar da masarautu irin su Nupe da Ilorin suke kai wa caffa.

A 1853, zamanin Sarki Halilu, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin, inda ya samu kwafin littafin Tarikh al-Sudan na tarihin daular Songhai.

Sai dai babu allon da zai jera wa baƙo duk wannan. Wanda ya je shi kaɗai zai ga gini da kaburbura, ya juyo cikin ɗan lokaci. Wanda ya samu masani ya raka shi kuwa, yini ba zai ishe shi ba.

Kuɗin a hanya yake

Babban abin da ke cin aljihu shi ne nisa. Fadar Sarkin Gwandu a yau tana Birnin Kebbi, kusan kilomita 50 daga garin Gwandu. Ambursa, wadda sarakunan suka zauna a cikinta kafin komawa Birnin Kebbi, tana tsakani.

Gidan Tarihi na Kanta kuma yana Argungu, wata tafiyar ta daban. Tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. Ziyartarsa na da muhimmanci, domin a can ne baƙo zai ji labarin daga ɓangaren Kabawa, waɗanda suka shafe shekaru suna gwabzawa da Gwandu da Sakkwato. Amma gida ɗaya bai isa a yi masa katin haɗaka ba.

Kalgo, ƙofar da ake wucewa

Matafiyin da ya fito daga Yawuri ko Kontagora ta Jega, sai ya ratsa Kalgo kafin ya shiga Birnin Kebbi, daga nan ne kuma hanyar Bunza da Kamba ta rabu. A yankin ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take da mazauninta.

Ɗalibai daga sassan ƙasar nan suna shekara huɗu ko biyar a wurin, kuma abu ne mai sauƙi ɗalibi ya kammala karatu bai taɓa taka Gwandu ba. Ba kuɗin shiga ne ke hana shi ba. Kuɗin mota ne, da rashin wanda zai nuna masa hanya.

Abin da ya fi kati

Ga mai niyyar zuwa, hanyar rage kashe kuɗi ita ce haɗa gwiwa. Mutum huɗu ko biyar su yi shatar mota ɗaya su raba kuɗin. A ware yini ɗaya don Ambursa da Gwandu, wani yinin don Argungu. A fita da sassafe, a dawo kafin duhu, a kuma nemi ɗan gari masani tun kafin a tashi, a ware masa hasafi mai kyau.

Idan wata rana hukumomin jihar suka so yin kati, wanda zai yi amfani shi ne mai ɗauke da mota da ɗan rakiya, da rangwame ga ɗalibai, wani kaso kuma ya tafi gyaran wuraren. Sanya shinge da mai karɓar kuɗi a ƙofar hubbare zai kori talakan da ya yi tattaki don addu'a, alhali shi ne ya fi kowa yawan zuwa.

Kafin nan, kuɗin da baƙo zai zuba a kati gara ya zuba shi a man mota da aljihun dattijon da ya san ko wane ne ke kwance a kowane kabari.